Maverick: Maraƙin da Ba a Yi wa Lalas Ba

Duk mai bin labaran siyasar Amurka ko ta Ingila da Turanci ya sha cin karo da kalmar maverick, wadda ake furtawa kamar "mabarik". Idan aka kira mutum da ita a yau, ana nufin wanda yake cikin jam'iyya ko ƙungiya ko wata sana'a, amma ba ya bin layin da manya suka shata. Da ra'ayin kansa yake yanke hukunci, kuma ko 'yan gidansu ba za su iya rantsewa a kan inda zai jefa ƙuri'arsa gobe ba. Kalmar ba ta da saiwa a Latin ko Girkanci ko Faransanci, inda akasarin manyan kalmomin Turanci suka fito. Sunan mutum ne, wani lauya kuma mai cinikin filaye a Texas, Samuel Augustus Maverick. Ta hanyar shanu sunan ya shiga harshe, alhali shi mai sunan bai taɓa ɗaukar kansa makiyayi ba.

Mutumin

An haife shi ranar 23 ga Yuli, 1803, a Pendleton da ke jihar Carolina ta Kudu. Ya gama jami'ar Yale a 1825, ya karanci shari'a a Virginia, ya isa Texas a 1835, lokacin da yankin yake ƙarƙashin Meksiko kuma rigimar ɓallewa ta fara ruruwa. Sojojin Meksiko sun yi masa ɗaurin talala a San Antonio a ƙarshen wannan shekara. A farkon 1836 mayaƙan Texas da ke tsare da Alamo, wani sansani a San Antonio, suka zaɓe shi ya wakilce su a taron da ya shelanta 'yancin kan Texas, kuma fitar da ya yi zuwa wannan taro ita ta sa ba ya ciki ranar 6 ga Maris da aka murƙushe sansanin. Ya sa hannu a takardar 'yancin kan. Ya zama magajin garin San Antonio a 1839.

A 1842 Janar Adrián Woll na Meksiko ya mamaye San Antonio, ya kwashe mutane, har da Maverick, aka kai su kurkukun Perote da ke Meksiko. An nuna masa hanyar fita idan zai yarda cewa Texas mallakin Meksiko ce, ya ƙi. Yana cikin kurkukun, mutanensa suka zaɓe shi ɗan majalisa. Sai a 1843 aka sake shi. To, taurin kai a kan abin da ya yi imani da shi, yana da shi. Amma ba wannan hali ne ya haifi kalmar ba, kuma duk wanda ya ɗauka haka ne ya soma karatun daga baya.

Akwai kuma ɓangaren da masu yabonsa suka saba tsallakewa. Maverick ya mallaki bayi. A 1861, bayan ya daɗe yana goyon bayan zaman Texas cikin tarayyar Amurka, ya bi sahun masu ɓallewa, har yana cikin wakilai ukun da suka karɓi makamai da kayan sojan tarayya daga hannun Janar David Twiggs a San Antonio. Ya rasu ranar 2 ga Satumba, 1870, yana da filaye sama da eka 300,000. Ƙasa ita ce sana'arsa da dukiyarsa.

Shanu 400 a madadin bashi

A 1844 iyalin suka koma Decrows Point a zirin Matagorda, wata doguwar ƙasa siririya tsakanin tekun Meksiko da wani gulbi marar zurfi. Bisa bayanin da ɗansa George ya rubuta wa wata jaridar St. Louis a 1889, a can ne wani maƙwabci da Maverick yake bi bashin dala 1,200 ya kasa biya da kuɗi, ya biya da shanu 400, a kan dala 3 kowace. Maverick ya karɓa ne don gara haka da asara. A 1847 ya mayar da iyalinsa San Antonio, ya bar garken a hannun wani iyalin bayi, wanda wani saurayi mai suna Jack ke ɗauke da nauyin kiwon.

Shekaru suka yi ta tafiya ba a yi wa yawancin maruƙa lalas ba. George ya ce kusan kashi ɗaya cikin uku kawai aka yi wa. Maƙwabta sun rubuta wa Maverick wasiƙu suna cewa ya aiko a duba shanunsa tun bai rasa su ba. A 1849 an rubuta wata wasiƙar a madadin Jack da kansa, yana sanar da ubangidansa cewa ba zai iya killace shanun ya yi musu lalas ba sai da mataimaka. Wannan wasiƙa ita ce mafi muhimmanci a duk lamarin, domin labaran da aka yaɗa daga baya sun ɗora laifin a kan "ragwancin bawa". Wanda ya san yadda aikin yake ba zai faɗi haka ba.

Yadda lalas yake aiki, da inda yake lalacewa

A Texas ta wancan zamani kiwon sake ake yi. Babu shinge, babu makiyayin da ke bin garke da sanda safe da yamma. Shanun mutane da yawa suna cakuɗe a daji ɗaya, suna shan ruwa a mashaya ɗaya, wata da watanni ba a gan su ba. Abin da kawai ke raba na wane da na wane shi ne alamar da aka ƙona a fata da kuma yankan kunne. Tun 1848 dokar Texas ta tanadi cewa a yi rajistar alama a wurin akawun gunduma, kuma alamar da ba a yi wa rajista ba, kotu ba ta karɓar ta a matsayin shaidar mallaka. Maverick yana da tasa alamar, haruffan MK. Matsalar ita ce ƙarfen bai cika shiga wuta ba.

Sau ɗaya ko biyu a shekara ake tattaro shanu, babban taron bayan sanyi ya wuce an gama haihuwa. Aikin na mutane da yawa ne. Mahaya dawakai su kewaye daji su koro shanu wuri guda, wasu su tsare garken kada ya watse. Mutum ɗaya a kan doki ya shiga ya lura da saniyar da maraƙi yake bi, ya karanta alamarta, ya jefa wa maraƙin zarge, ya jawo shi bakin wuta yana kiran sunan alamar da ƙarfi. Mutum biyu su kayar da shi, ɗaya ya danne wuya da ƙafar gaba, ɗaya ya ja ƙafar baya. Mai ƙarfe ya zo ya ɗora, mai wuƙa ya yanke kunne ya kuma yi fiɗiya idan namiji ne, wani kuma yana rubuta lissafi. Ko an taƙaita, sai an sami mutum biyar ko shida. Shanun kuma irin masu dogon ƙahon nan ne na Texas, waɗanda idan sun shekara ba su ga mutum ba sai su koma kamar namun daji.

Ƙarfen kansa yana da ƙa'ida. Haruffan sukan kai inci 3 zuwa 4 a tsawo. Ana gasa shi har ya yi launin toka. Idan ya yi ja jawur ya wuce kima: zai kunna gashi, ya ƙone fata har nama, ya bar gyambon da ke warkewa ya zama dunƙulen tabo marar karantuwa. Idan bai yi zafi sosai ba, gashi kawai zai babbake, bayan 'yan watanni sabon gashi ya tsiro alamar ta ɓace. Ana danna shi daƙiƙa 3 zuwa 5, ana ɗan karkaɗa hannu don ko'ina ya taɓa, a ɗaga idan wurin ya yi launin jemammiyar fata. Ba a yi wa jiƙaƙƙiyar dabba, saboda ruwan yana zama tururi ya dafa fatar, alamar ta bazu. Haruffa masu rufaffen ciki ko matsattsiyar kusurwa, irin su A da B da lamba 8, suna tara zafi wuri ɗaya, shi ya sa maƙera suke barin 'yar kafa a mahaɗar layuka.

Amma abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne lokaci. Maraƙin da ba shi da alama, uwarsa ce takardar shaidarsa. Muddin yana bin ta yana tsotso, kowa ya san na mai uwar ne, kuma wanda ya ɗora masa wata alama daban ɓarawo ne. Da zarar ya kai wajen wata 8 zuwa 10 ya yaye ya rabu da ita, shaidar ta yanke. Babu wanda zai iya tsayawa gaban alƙali ya tabbatar cewa nasa ne. Al'adar dajin kuwa ita ce, wanda ya riga kama shi ya ɗora masa ƙarfe, shi ne mai shi. Saboda haka duk shekarar da mai garke ya tsallake lalas, ya yi kyautar haihuwar wannan shekara ga maƙwabta.

Haka ta faru da Maverick. A 1854 shi da manyan 'ya'yansa maza biyu suka kwaso shanun zuwa gonarsa ta Conquista a bakin kogin San Antonio, kimanin mil 50 kudu da gari. Nan ma aka sake su, nan ma ba a yi abin kirki ba. A 1856 da aka ƙiyasta garken, sai aka ga 400 ne, adadin da aka fara da shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce. A yi lissafi mai sauƙi: garken da ke ƙaruwa da kashi 10 cikin ɗari kacal a shekara yana ninkuwa cikin shekara bakwai da 'yan watanni, kuma cikin shekara goma sha ɗaya 400 za su haura 1,100. Ragowar suna nan da ransu a dajin, sai dai ɗauke da alamun wasu.

Cinikin da ya yaɗa sunan

A wannan shekara ta 1856 ya sayar da garken duka ga maƙwabcinsa Augustine Toutant-Beauregard, ɗan'uwan Janar Beauregard da ya yi suna a yaƙin basasar Amurka, a kan dala 6 kowace. Sharaɗin cinikin shi ne mai saye ya je daji ya tattaro kayansa da kansa, duk abin da ya samu nasa ne, ko ya fi ƙiyasi ko ya gaza. Wannan sharaɗi ya buɗe ƙofa. Tunda kowa ya san shanun Maverick ba su da alama, yaran Beauregard suka bazu cikin gundumomi da dama, duk dabbar da suka gani babu lalas sai su ce "ta Maverick ce", su ɗora mata ƙarfen ubangidansu. Maganar ta kama bakin mutane. Daga "ta Maverick ce" aka koma "maverick ce", harafin farko ya zama ƙarami, sunan mutum ya zama sunan abu.

Ba wai an rasa kalma ba ne kafin nan. Makiyayan yankin masu jin Sifaniyanci suna kiran irin wannan dabba orejano, wato wadda ba a taɓa kunnenta ba, kuma suna da mesteño ga dabbar da ba ta da mai ita, kalmar da ta zama mustang, sunan dawakan daji a Turanci. Tun 1778 hukumar Sifaniya ta ayyana cewa duk dabbar da ba ta da alama a Texas ta sarki ce, sai an biya haraji a kama. Baƙin da suka shigo da Turanci sun gaji sana'ar daga waɗannan makiyaya, suka ba abin sabon suna da harshensu.

Abin da ya fitar da kalmar daga kudancin Texas shi ne yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865. Maza sun tafi yaƙi, shekara huɗu ba a yi lalas yadda ya kamata ba, shanu suka hayayyafa a daji har suka kai miliyoyi. Bayan yaƙi, saniyar da ba ta wuce dala 3 ko 4 a Texas ba tana kaiwa dala 30 zuwa 40 a kasuwannin arewa. A 1867 Joseph McCoy ya buɗe zangon lodin shanu a jirgin ƙasa a Abilene ta jihar Kansas, fatake suka fara koro garkuna dubbai zuwa can. Duk mai doki da igiya da ƙarfe yana iya tara garke daga daji. Sana'ar ta sami suna, mavericking. Rubutu mafi daɗewa da masu ƙamus suka samo kalmar a cikinsa da ma'anar maraƙi marar alama, shi ma na wannan shekara ta 1867 ne. Maverick yana raye a lokacin.

Mai karatu da ya san hukuncin tsintuwa a fiƙihu zai ga bambancin nan take. A Musulunci abin da aka tsinta ana cigiyarsa shekara guda, kuma da aka tambayi Annabi (SAW) game da ɓataccen raƙumi, ya ce a ƙyale shi, yana da abin da zai rayu da shi har mai shi ya same shi. A dajin Texas babu cigiya. Rashin alama shi kansa ya zama izinin ɗauka.

Da kalmar ta zama abin zubar da jini

Tsakanin kamun maraƙin da ba shi da mai shi da satar maraƙin da yake da shi, tazarar 'yar kaɗan ce, kuma mutane sun koyi tsallake ta. Wasu su raba maraƙi da uwarsa da ƙarfi tun bai isa yaye ba, su killace shi har ya daina nemanta. Wasu su yanke masa kunne irin na mai uwar don a ɗauka an gama da shi, su bar shi ba lalas, su dawo bayan ya yaye su ɗora tasu alamar su gyara kunnen. Wasu kuma suna yawo da miƙaƙƙen ƙarfe mai lanƙwasa a baki wanda ake zana kowace irin alama da shi. Da yawa daga manyan masu garke da irin wannan kamu suka fara, amma da suka yi ƙarfi sai suka nemi a rufe ƙofar ga na baya.

A yankin Wyoming da ke yammacin Amurka an yi doka a 1884 da ta miƙa duk maraƙin da ba shi da alama ga ƙungiyar manyan masu shanu. Ita ke tsara ranakun tattara shanu, ita ke yin gwanjon maruƙan, kuɗin ya shiga asusunta. Ƙaramin makiyayi da ya ɗora ƙarfe a kan maraƙin da yake ganin na saniyarsa ne, sai a kira shi ɓarawo, a sa sunansa a baƙin littafi. Ƙarshenta a watan Afrilun 1892 manyan suka ɗauko 'yan bindiga daga Texas, tawagar kusan mutum 50, suka shiga gundumar Johnson da jerin sunayen waɗanda za su kashe. Sun kashe Nate Champion da Nick Ray, mutanen gari suka yi musu ƙawanya a wata gona, sai da shugaban ƙasa Benjamin Harrison ya sa sojojin doki suka je suka fitar da su. A lokacin kuma waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, ta riga ta fara yanka dajin gunduwa-gunduwa. Kiwon sake ya mutu, maraƙin daji ya yi ƙaranci, kalmar kuwa ta riga ta sami wani wurin zama.

Daga dabba zuwa mutum

A cikin shekarun 1880 aka fara kiran mutum maverick, musamman a siyasa da jaridun yammacin Amurka. Hoton a bayyane yake ga mutanen wancan lokaci: jam'iyya ita ce mai garke, 'ya'yanta suna ɗauke da alamarta, wannan kuwa babu alamar kowa a jikinsa. Asalin ma'anar ke nan, kuma har yau ita ce ƙashin bayan kalmar. Wanda ba a mallaka ba. Tawaye, tsaurin ido, son a sani, duk ƙari ne da ake liƙa mata gwargwadon wanda yake magana.

Sauyin ya zo da juyi mai ban mamaki. Maraƙin bai zaɓi komai ba, sakacin mai shi ne ya bar shi haka, kuma makomarsa ita ce wani ya kama shi. Mutumin da ake kira da sunan kuwa ana ɗauka shi ya ƙi yarda a ɗora masa ƙarfe. Da sabuwar ma'anar ta zauna, sai mutane suka koma baya suka gyara tarihin don ya dace da ita. Aka ce Maverick ya ƙi yin lalas ne saboda tausayin dabbobi. Aka ce wayo ya yi, ya bar nasa ba alama don ya riƙa cewa duk marar alama nasa ne, har ya zama wanda ya fi kowa shanu a Texas. George ya rubuta wasiƙarsa ta 1889 ne musamman don ƙaryata irin wannan labari na biyu, kuma lissafin yana bayansa: wanda ya fara da 400 ya ƙare da 400 bai ci dukiyar kowa ba, tasa aka ci. Labarin tausayi kuma ba ya tsayuwa ga mutumin da yake da alamarsa ta MK, aka kuma ɗora ta a kan wasu daga cikin maruƙan.

Zuriyar ta ƙara wa sabuwar ma'anar ƙarfi. Jikansa Maury Maverick ya wakilci San Antonio a majalisar wakilan Amurka daga 1935 zuwa 1939, yana jagorantar wasu matasan 'yan majalisa da suka fi jam'iyyarsu ta Dimokurat zafin ra'ayin sauyi. Da ya zama magajin gari, a watan Agustan 1939 ya ba jam'iyyar kwaminis izinin yin taro a babban zauren birni, bisa hujjar cewa tsarin mulki ya ba kowa 'yancin magana. Dubban mutane suka far wa zauren da duwatsu, kuma a 1941 ya faɗi zaɓe. Shi ne kuma a 1944, yana shugabancin wata hukumar gwamnati ta lokacin yaƙi, ya ƙirƙiro kalmar gobbledygook don ya soki dogon Turancin ma'aikata marar ma'ana, yana kwatanta shi da kukan talo-talo. Gida ɗaya ya ba Turanci kalma biyu.

Yabo ce ko zargi?

Ya danganta da fagen. A Amurka ta fi karkata ga yabo, saboda ƙasar tana son ganin kanta a hoton mahayin doki shi kaɗai a fili. Shi ya sa 'yan kasuwa suka rungume ta: kamfanin Ford ya sa wa mota sunan a 1969, sojan sama suna da makami mai linzami mai wannan suna tun farkon shekarun 1970, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Dallas da aka kafa a 1980 ita ma Mavericks ce. A dokar hana babakere ta Amurka kalmar tana da ma'ana ta musamman: kamfanin da ba ya bin sauran wajen tsayar da farashi, yana karya shi yana tilasta musu saukowa. Hukuma tana iya hana babban kamfani saye irin wannan ƙaramin, don kada a kawar da mai tayar da ƙurar. A nan kalmar yabo ce zalla.

A ofishin sayen kaya kuma akasin haka ne. Idan aka ce maverick spending, ana nufin sayayyar da ma'aikaci ya yi a wajen 'yan kwangilar da aka amince da su, ba tare da bin ƙa'ida ba, kuma abu ne da masu binciken kuɗi suke farauta. Haka idan jarida ta kira likita ko ɗan sanda ko matuƙin jirgi da wannan suna, sau da yawa gargaɗi take yi cewa mutumin yana tsallake matakan da aka sa don kare rayuka.

Rigimar da ta fi fito da ma'anar fili ita ce ta 2008. Sanata John McCain ya daɗe da wannan laƙabi. Ya haɗa kai da Russ Feingold na jam'iyyar adawa suka yi dokar taƙaita kuɗin kamfe ta 2002, ya kuma ƙi zaɓen rage harajin da shugaban ƙasa na jam'iyyarsa, George W. Bush, ya kawo a 2001 da 2003. Da ya tsaya takarar shugaban ƙasa, shi da mataimakiyarsa Sarah Palin suka mayar da kalmar taken kamfe. Wasu daga zuriyar Maverick a San Antonio suka fito a jarida suka ƙi yarda, hujjarsu kuwa ta makiyaya ce: ɗan takarar jam'iyya yana ɗauke da alamar jam'iyya, to ta ina ya zama marar lalas? A 2010, yana fuskantar zaɓen fid da gwani mai zafi, McCain ya gaya wa mujallar Newsweek cewa shi bai taɓa ɗaukar kansa maverick ba. A watan Yulin 2017 kuma ya juya babban yatsansa ƙasa a zauren majalisar dattawa, ƙudirin jam'iyyarsa na soke dokar inshorar lafiya ta Obama ya faɗi da ƙuri'a 49 da 51. Abin da lamarin ya nuna shi ne laƙabin yana da nauyi idan wasu ne suka ba mutum bayan sun ga abin da saɓawar ta jawo masa. Idan shi ya rataya wa kansa, ya zama wata alamar kasuwanci.

Yadda za a faɗe ta da Hausa

Mai fassara labari zai fara tuno "saniyar ware", tunda ga saniya ga rabuwa da garke. Kamar ta dace, amma ta juya ma'anar. Saniyar ware wasu ne suka ware ta, shi ya sa muke cewa "an mayar da shi saniyar ware", kuma akwai tausayi ko wulaƙanci a ciki. Shi wannan ba korar sa aka yi ba, yana nan cikin jam'iyya yana zama a taronta. "Ɗan tawaye" ta yi nauyi, tana nuna ya ja daga da shugabanci, wataƙila ma da makami. "Ɗan a-ware" na mai son ɓallewa ne. "Kangararre" da "fanɗararre" zagi ne, suna nuna lalacewar tarbiyya. "Ɗan takara mai zaman kansa" kuma wanda ba shi da jam'iyya ne kwata-kwata, alhali McCain ya rayu ya mutu ɗan Rifablikan.

Ga ɗan siyasa, abin da ya fi kusa shi ne "mai ra'ayin kansa", ko a buɗe shi a ce "wanda ba ya bin yarima a sha kiɗa", ko "wanda ba a juya shi". Idan labarin yana sukarsa ne, "mai yin gaban kansa" ta fi ɗaukar wannan ɗanɗano. Ga masanin kimiyya ko mai fasaha, "wanda ya saɓa wa sauran masana" ta wadatar. Ga kamfanin da ke karya farashi, a ce "kamfanin da ba ya shiga haɗin bakin 'yan kasuwa". A ofishin sayen kaya, "sayayya ba bisa ƙa'ida ba". Idan kuwa rubutun a kan shanun Texas ne na ƙarni na 19, sai a koma inda aka fara, a ce maraƙin da ya yaye ba a yi masa lalas ba.